Lamba ɗaya, ma'ana biyu: kundin aikin mai gadin seccomp

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Wata biyu ke nan ina gina wannan ƙaramar manhaja da nake kira mai gadi. Aikinsa ba wuyar faɗi: ya tayar da wata manhajar da ba a gama yarda da ita ba, ya ɗaura mata matacin seccomp, wato tsarin Linux da ke tace kiraye-kirayen da manhaja ke yi wa kanel (zuciyar Linux, mai iko da na'ura), sannan duk sanda ta nemi buɗe fayil ko haɗuwa da wata na'ura, kanel ya tsayar da ita ya turo wa mai gadi tambaya. Mai gadi ya duba dokokinsa, ya ce a bari ko a hana. Wannan hanya ta turo tambaya waje ta shigo Linux ne a fitowa ta 5.0, a 2019, kuma a kanta na ɗora komai.

Duk gwajin da na yi a baya ya wuce lafiya, domin da ƙananan manhajoji na yi shi, irin su cat da cp, waɗanda zare ɗaya tak ke gudana a cikinsu. Zare, wato thread, layin aiki guda ne a cikin manhaja, kuma manhaja ɗaya na iya samun zaruruwa da yawa suna gudana lokaci guda. Yau na haɗa shi da wata sabar gwaji mai zaruruwa takwas. Sabar ta tashi, ta karanta fayil ɗin saitinta, ta zauna tana sauraro. Baƙon farko, wato mai haɗuwa da sabar daga waje, na shigowa sai komai ya tsaya cak. A rajistar mai gadi layi ɗaya ne ke ta maimaita kansa: ban san 4127 ba, an hana. Ni kuwa lambar da na rubuta a teburi lokacin tayar da sabar 4120 ce. Na buga ps, umarnin da ke jera manhajojin da ke gudana, babu 4127 ko sama ko ƙasa. Sai da na ƙara masa -L sannan ta fito, a ƙarƙashin 4120, ita da 'yan uwanta.

Gurbin da kanel ke cikawa a cikin struct seccomp_notif, wato takardar tambayar da yake turo wa mai gadi, sunansa pid. Na ga sunan, na ɗauka na san abin da ke ciki. Ashe lambar zaren da ya yi kiran ce, ba ta furoses ɗin gaba ɗaya ba, wato manhajar da ke gudana da dukkan zaruruwanta. Shafin jagora na seccomp_unotify ya faɗi haka ƙarara, ni ne ban tsaya a kan layin ba. Abu ɗaya ya sanyaya min zuciya: idan mai gadi bai gane mai tambaya ba, hanawa yake yi. Da akasin haka na rubuta, da yau babu abin da zai tsaya, kuma da ban san akwai ɓaraka ba.

Laraba, 7 ga Mayu, 2025

Kwana biyu ban taɓa kod ɗina ba, na kanel nake karantawa, don ba na son faci a kan abin da ban fahimta ba.

A wurin kanel ɗin Linux, abin da ake tsarawa a ba shi lokacin gudu guda ɗaya ne, task_struct, kuma kowane zare yana da nasa. A ciki akwai gurbi biyu: pid da tgid. Na farko lambar shi wannan zaren ce. Na biyu lambar ƙungiyar da yake ciki, wato abin da mu masu rubuta manhaja daga waje muke kira furoses. Idan ka kira getpid, tgid kanel ke miƙo maka. Idan kana son pid irin na kanel, sai ka kira gettid. Ka ga kalma ɗaya, haruffa uku, amma daga ciki tana nufin zare, daga waje tana nufin ƙungiya. Duk wata ƙofa da ke tsakanin ciki da waje, dole ka tambaya da bakin wa take magana.

Tun ran gini, tun ran zane. A shekarun farko, laburaren LinuxThreads na Xavier Leroy yana ƙirƙirar kowane zare ta hanyar clone a matsayin abu mai zaman kansa, har getpid kan ba da amsa daban a zare daban, wanda ya saɓa wa ƙa'idar POSIX. A Linux 2.4 aka kawo ƙungiyar zaruruwa da tutar CLONE_THREAD, sannan sabon laburaren zaruruwa mai suna NPTL, aikin Ulrich Drepper da Ingo Molnar, ya zauna a kanta a zamanin 2.6. Maimakon a canza wa tsohon gurbi suna, sai aka ƙara sabo a gefensa. Kiran gettid yana nan tun 2.4.11, amma glibc, babban laburaren C da manhajojin Linux ke bi ta kansa, bai ba shi suna na kansa ba sai a fitowa ta 2.30, a 2019. Kusan shekara 18 duk mai son lambar zarensa sai ya bi ta syscall da hannu. Ina ganin wannan kaɗai ya isa ya sa mutane da yawa suka saba da tunanin cewa lamba ɗaya ce.

Abin da ke ɓoye matsalar shi ne zaren farko, shugaban ƙungiya. A wurinsa pid da tgid lamba ɗaya ce. Saboda haka duk gwajin da aka yi da manhaja mai zare ɗaya ba zai taɓa nuna bambancin ba, ko sau dubu aka maimaita shi. Kama da wane ba ta wane.

Na buɗe /proc/4120/task/4127/status don in gani da idona (/proc folda ce da kanel ke nuna bayanan kowane furoses a cikinta). Layin Tgid ya ce 4120, layin Pid ya ce 4127. Sai kuma wani abu da ban zata ba: idan na jera abin da ke cikin /proc, foldar 4127 ba ta fitowa, amma idan na rubuta /proc/4127 kai tsaye, tana buɗewa. Wannan rangwamen yana da haɗari, domin kod ɗin da ya riƙe lambar zare yana zaton ta furoses ce zai ci gaba da tafiya ba tare da ko tari ba. Haka ma kill, kiran da ake aika wa furoses sigina da shi: ka ba shi lambar zare, zai karɓa, kuma siginar ta tafi ga ƙungiyar baki ɗaya.

Gyaran yau: idan tambaya ta zo, mai gadi ya karanta Tgid daga status na zaren, da shi zai nemi doka a teburi. Sabar ta yi aiki.

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Na waiwayi ɓangaren mai gadi da ke rubuta tarihin kiraye-kiraye ta eBPF, wato ƙananan kod da ake gudanarwa a cikin kanel. bpf_get_current_pid_tgid lamba ɗaya mai bit 64 yake bayarwa: rabin sama tgid, rabin ƙasa lambar zare. Ni kuma na zuba ta cikin ma'aji mai bit 32 na sa masa suna pid, rabin sama ya zube. Ke nan duk tarihin da na tara na wata biyu lambobin zaruruwa ne a ƙarƙashin kanun da ke cewa furoses. Yanzu ina ajiye duka biyun, kowanne a shafinsa.

Da na gwada tarihin da na audit, rajistar tsaro ta kanel, sai na ga su can pid= na furoses ne, amma comm= sunan zaren ne, domin kowane zare na iya raɗa wa kansa suna da prctl, haruffa 15 iyaka. Layi ɗaya, rabinsa na ƙungiya, rabinsa na mutum ɗaya a cikinta. Wanda zai binciki kutse da irin wannan layi ya kamata ya san haka tun kafin ya fara, kuma kada ya dogara da comm, tunda mai sunan ne ya zaɓe shi.

Alhamis, 15 ga Mayu, 2025

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Kuskuren makon jiya hana mai gaskiya wucewa ya yi. Na yau barin ƙofa ne a buɗe, kuma shi ya hana ni barci.

Akwai hanya ta biyu ta amfani da mai gadi: manhaja ta haɗa ɗan laburarenmu a jikinta, ta kira shi, ta ɗaura wa kanta matacin. Na rubuta gwaji inda manhajar ke tayar da zaren rubuta rajista tun da farko, sannan zaren farko ya kira laburaren. Daga nan na sa zaren rajistar ya buɗe fayil ɗin da doka ta hana. Ya buɗe. Mai gadi bai ji ko ɗuriyarsa ba. Na duba status na zaruruwan biyu: ɗaya Seccomp: 2, ɗaya Seccomp: 0.

Matacin seccomp a wuyan zare ake rataya shi. Zaruruwan da aka haifa bayan an ɗaura shi suna gadonsa, waɗanda suka riga shi zuwa kuwa ba ruwansu. Kuma zaruruwan memori ɗaya suke ci. Duk wanda ya ƙwace zaren da ke ɗaure, ba sai ya wahalar da kansa wajen kwance igiyar ba, ya isa ya gurɓata bayanan da ɗan uwansa sakakke ke amfani da su, ya sa shi ya yi masa aikin.

Maganin yana nan tun Linux 3.17, a 2014: tutar SECCOMP_FILTER_FLAG_TSYNC, wadda ke ɗaura matacin a kan dukkan zaruruwan ƙungiyar lokaci guda, har da alamar no_new_privs mai hana samun ƙarin iko, wadda ita ma ta zare ce. Na ƙara tutar, sai kanel ya dawo min da kuskuren EINVAL, wato ya ƙi buƙatar. Na ɓata kusan awa ɗaya kafin na gane dalili, kuma dalilin ya burge ni. Idan TSYNC ya kasa, saboda wani zare yana da nasa matacin da bai fito daga tsatso ɗaya da namu ba, abin da kiran ke dawowa da shi lambar wancan zaren ce, lambar da ba ta ƙasa da sifili ba. Idan kuma ka nemi hanyar karɓar tambayoyi, abin da yake dawowa da shi lambar buɗaɗɗen fayil ce, ita ma ba ta ƙasa da sifili ba. Ka ga 7 a hannunka: nasara ce ko faɗuwa? Ba yadda za ka sani. Don haka kanel ya ƙi haɗa tutocin biyu, sai in ka ƙara ta uku, SECCOMP_FILTER_FLAG_TSYNC_ESRCH, da ta zo a 5.7, wadda ke sa faɗuwa ta fito a matsayin kuskure na sosai. Masu kanel sun gwammace su ƙi ka da su ba ka lambar da ke da fassara biyu. Na so a ce ko'ina haka aka yi.

Wannan ya sa na koma wani wuri a laburaren inda muke ɗaura mataci na biyu, marar tambayoyi. Na so in sa masa TSYNC shi ma, sai na ga sharaɗin da ke wurin yana duba ko amsa ta gaza sifili ne kawai. Da na ƙara tutar a haka, lambar zaren da ya ƙi ɗauruwa za ta wuce a matsayin nasara. Yanzu duk abin da ba sifili ba, faɗuwa ne, kuma manhajar ta mutu nan take.

Kafin in tashi na canza hukuncin kisa. Tsohon suna SECCOMP_RET_KILL zare ɗaya yake kashewa. Zaren da aka kashe yana riƙe da makulli zai bar sauran suna jiransa har abada, kuma wanda ya yi kutsen yana nan da sauran zaruruwa a hannunsa. SECCOMP_RET_KILL_PROCESS, da ya zo a 4.14, shi ya dace da mu.

Juma'a, 16 ga Mayu, 2025

Tunda mataci na zare ne, sai na bi sauran matakan sauke iko ɗaya bayan ɗaya ina yi musu tambaya iri ɗaya. Amsar ba ta canza ba. A cikin kanel, lambar mai amfani, rukunoninsa, da guntayen ikon root (mai cikakken iko a na'ura), duk a jikin zare suke.

To me ya sa setuid, kiran da ke canza lambar mai amfani, ke aiki a kan furoses duka? Domin glibc ne ke rufa asiri. Na sa strace -f, mai nuna kiraye-kirayen da manhaja ke yi wa kanel, na kalla: zaren da ya kira setuid yana aika wa kowane ɗan uwansa sigina ta tgkill, wadda strace ke nunawa da sunan SIGRT_1, wato lamba 33 da glibc ya keɓe wa kansa, sai kowannensu ya tsaya ya yi kiran da kansa. Layuka takwas a jere, kowanne da lambar zarensa a gaba. Gani ya kori ji. Wanda ya tsallake glibc ya kira kanel kai tsaye, zare ɗaya kawai ya sauke, sauran suna nan da rawanin root. Harshen Go, da ba ya bi ta glibc a yawancin ayyukansa, ya daɗe yana ƙin yin Setuid a kan Linux saboda wannan dalili, sai a fitowa ta 1.16, a 2021, aka samar da hanyar da ke bi ta kan dukkan zaruruwa.

Shi capset, kiran da ke saita guntayen ikon root, ba shi da wannan gatan, babu mai yaɗa shi sai in an yi amfani da libpsx da ke zuwa tare da libcap. A kansa ma akwai gurbi mai suna pid, kuma na cika shi da getpid. Daga zaren farko yana wucewa. Daga zare na biyu kuskuren EPERM, wato ba izini, domin kanel da lambar zaren mai kira yake gwadawa. Sifili ya kamata in sa tun farko, ma'ana ni kaina.

Irin wannan ne ya same ni da /proc/self/attr, inda ake rubuta alamomin tsarin tsaro na SELinux. /proc/self yana nuna furoses ne, wato shugaban ƙungiya, kuma kanel ba ya yarda wani zare ya rubuta wa wani alama, sai ya ce EACCES. /proc/thread-self, wanda shi ma a 3.17 ya zo, shi ne ke nufin ni ɗin nan da ke magana.

Shawarar da na yanke: laburaren zai ƙirga zaruruwa kafin ya sauke iko, idan sun wuce ɗaya ya ƙi, sai in mai manhajar ya nemi hanyar yaɗawa da bakinsa. Sauke iko kafin haihuwar zare na biyu ya fi duk wata dabarar bin su daga baya.

Alhamis, 22 ga Mayu, 2025

Gyaran da na yi ranar 7 ga wata ya wuce gona da iri. Tun da na koyi juya lambar zare zuwa ta furoses, sai na riƙa yin haka ko'ina, har wajen leƙa abin da mai tambaya ke nufi. Wannan tufka da warwara ne.

Idan zare ya nemi buɗe fayil da gajeren suna, dole in san foldar da yake tsaye a ciki. Ina karanta /proc/4120/cwd. Amma zare na iya kiran unshare da CLONE_FS ya ware nasa wurin tsayuwa, ko da CLONE_FILES ya ware teburin buɗaɗɗun fayilolinsa. Na gwada: zare ya ware, ya koma wata folda, ya nemi fayil. Mai gadi ya duba foldar shugaba, ya yanke hukunci a kan fayil ɗin da ba shi ake nema ba. Akwai kuma lokacin da zaren farko ke fita da pthread_exit ya bar sauran suna aiki. Sai ya zama gawar da ba a binne ba, State: Z, lambarsa na nan amma cwd ɗinsa ba ya karantuwa, foldar fd ɗinsa wayam. Furoses na raye, ƙofar da nake leƙa shi ta cikinta ce ta mutu.

Don haka na raba aikin gida biyu. Doka ta furoses ce, da tgid ake nemanta. Leƙe kuwa na zare ne, ta lambar da kanel ya turo.

Na so in bar lambobi gaba ɗaya in koma pidfd, wanda ke riƙe ainihin abin ba lambarsa ba. A na'urar gwaji mai kanel 6.1, pidfd_open ya ƙi lambar zaren da ba shugaba ba, EINVAL. Tutar PIDFD_THREAD sai a 6.9 ta shigo, a 2024. A ɗaya na'urar mai 6.12 ta yi aiki sumul. Dole in riƙe hanyoyi biyu na wani lokaci.

A tsohuwar hanyar, abin tsoro shi ne sake amfani da lamba. Zaruruwa da furoses daga rijiya ɗaya suke ɗibar lambobi, iyakarta 32768 a tsohon saiti, ana iya ɗaga ta zuwa 4194304 a na'urori masu bit 64. Manhajar da ke haihuwa da kashe zaruruwa ba ƙaƙƙautawa tana iya zagaye ƙaramar rijiyar cikin ɗan lokaci, kuma mai mugun nufi da gangan zai yi. Zare ya yi tambaya, a kashe shi, lambarsa ta faɗa hannun wani, ni kuma in buɗe memorin baƙo. Tsarin da na bi: in buɗe /proc na zaren tukuna, sannan in tambayi kanel da SECCOMP_IOCTL_NOTIF_ID_VALID ko tambayar na nan da rai, in karanta, in sake tambaya kafin in yi aiki da abin da na karanta.

Sai babbar magana. Zaren da ya yi tambaya yana tsaye, gaskiya ne, amma 'yan uwansa ba a tsaye suke ba. Sunan fayil ɗin yana cikin memorin da dukkansu ke iya rubutawa. Na karanta suna mai kyau, na ce wa kanel ya ci gaba da SECCOMP_USER_NOTIF_FLAG_CONTINUE, kafin kanel ya sake karantawa wani zaren ya musanya sunan. Na rubuta gwaji da zare biyu, ɗaya na buɗewa, ɗaya na juya sunan ba tsayawa, kuma bai ɗauki lokaci ba haramtaccen fayil ya buɗe. Shafin jagora ya yi gargaɗi mai ƙarfi cewa kada a gina tsaro a kan wannan tutar, yau na ga dalili a kan allona. Na cire ta daga duk kiran da ke ɗauke da adireshin memori. Yanzu mai gadi ne ke kwafe sunan, ya buɗe fayil ɗin da kansa, ya cusa wa mai tambaya da SECCOMP_IOCTL_NOTIF_ADDFD, wanda ya zo a 5.9. Aiki ya ƙaru sosai, domin sai na kwaikwayi izinin zaren da foldarsa daidai, amma ba ni da wata hanyar da zan iya tsayawa a bayanta.

Laraba, 28 ga Mayu, 2025

Gwajin execve, kiran da ke maye gurbin manhajar da ke gudana da wata sabuwa, daga zaren da ba shugaba ba. Kanel yana kashe duk sauran zaruruwan, har da shugaban, sannan wanda ya yi kiran ya gaji lambarsa. 4127 ya shiga, 4120 ya fito. Har lokacin farawa na tsohon shugaban yake gada, don haka duba gurbi na 22 a /proc/4120/stat, dabarar da ake gane sake amfani da lamba da ita, ba zai nuna an yi musanya ba.

Da na haɗa wannan da abin da na gani ranar 15 ga wata, sai jikina ya yi sanyi. Matacin da ke tsira bayan execve na zaren da ya yi kiran ne. Da zaren rajistar nan marar mataci ya yi execve, da sabuwar manhaja ta tashi ba igiya ko ɗaya, tana sanye da lambar da teburina ke cewa a ɗaure take. Na mayar da tsohon kod na ɗan lokaci na gwada, haka kuwa aka yi. Na ajiye wannan gwajin a cikin waɗanda dole su gudana kafin kowane canji ya shiga.

Ƙaramin ma'ajin da ke tuna wane zare na wace ƙungiya ne ma na cire shi. Saurin da yake ƙarawa bai kai haɗarin tsohon bayani ba.

Talata, 3 ga Yuni, 2025

Na kai wa wani dattijo a wannan sana'a kod ɗin ya duba, mutumin da ya riga ni fara rubuta C da shekaru masu yawa. Ya yi shiru yana gangarawa, sannan ya ce, "Duk gyaran nan naka daidai ne. Amma nuna min abin da zai hana ka maimaita kuskuren nan da wata shida."

Na ce, "Malam, ai na rubuta bayani a saman kowane wuri."

Ya ce, "Kai da ka karanta shafin jagora ka tsallake layin? Bayani ido yake jira. Ka ba kwamfaila aikin."

Gaskiyarsa. Kwamfaila shi ne manhajar da ke harhaɗa kod, kuma a wurinsa pid_t, nau'in da C ke ajiye waɗannan lambobi a ciki, lamba ce tsirara, kowace iri ka zuba mata za ta karɓa. Na yini ina raba ta: struct guda don lambar zare, wani don lambar furoses, kowanne da gurbi ɗaya a ciki. Juyawa daga wannan zuwa wancan wuri ɗaya ne tak a duk manhajar, kuma yana iya faɗuwa. Kalmar pid ita kaɗai na haramta ta a matsayin suna. Da na harhaɗa, kwamfaila ya tsayar da ni a wurare goma sha ɗaya. Tara ba su da illa. Biyu na gaske ne, kuma ban taɓa lura da su ba.

Na ɗaya a soket ɗin da manhajoji ke yi wa mai gadi rajista. SO_PEERCRED lambar furoses yake bayarwa, ta lokacin da aka haɗa soket ɗin, ni kuma ina gwada ta kai tsaye da lambar da ke cikin tambayar seccomp. Na biyu a fanotify, hanyar da kanel ke sanar da an taɓa fayil, wanda shi ma ta furoses yake bayarwa sai in an nemi FAN_REPORT_TID, da ya zo a 4.20. Ƙofofi biyu, gurbi mai suna iri ɗaya da na seccomp, ma'ana daban. A inda kanel ya kai 6.5 zan koma SO_PEERPIDFD.

Malam ya ƙara min da tambaya ɗaya kafin mu rabu: lambar a idon wa? Idan mai gadi yana cikin kwantena, wato keɓaɓɓen muhallin gudanar da manhaja, yana da keɓaɓɓen filin lambobinsa. seccomp yana ba shi lamba yadda shi yake ganinta, eBPF kuwa yana ba da ta babban fili na na'urar. Zare ɗaya, lambobi biyu, dukkansu gaskiya. Layukan NSpid da NStgid a status suna jera su tun 4.1. Ke nan nau'in da na ƙirƙira yau bai cika ba, sai ya ɗauki filin da aka karanta lambar a ciki.

A hanya na tuna FreeBSD, wani tsarin mai kama da Linux, inda lambobin furoses ke tsayawa a 99999, na zaruruwa kuma su fara daga sama da haka. Can ido kaɗai ya isa ya raba su. Linux ya zaɓi rijiya ɗaya, kuma akwai sauƙin da hakan ya kawo wa kanel, amma mu da ke bakin ƙofa mu ke biyan kuɗinsa.

Alhamis, 12 ga Yuni, 2025

Inda aiki ya tsaya. Kowane gwaji yanzu sau uku yake gudana: daga zaren farko, daga zare na biyu, da kuma bayan zaren farko ya fita ya bar sauran. Wannan na ukun ya kama wani abu jiya: a kanel 6.1, pidfd_getfd ta hannun pidfd na furoses teburin fayilolin shugaba yake dubawa, idan shugaban ya mutu sai ya dawo hannu rabbana. A can na sa mai gadi ya hana kiran ya rubuta dalili a fili, a 6.12 kuma PIDFD_THREAD ya raba gardama.

Rajista ta canza fasali. Kowane layi yana ɗauke da lambar furoses, lambar zare, da alamar filin da aka gan su, kowanne da sunansa cikakke. Tsohon tarihin wata biyun nan na sa masa gargaɗi a kai maimakon in goge shi, tunda har yanzu yana da amfani ga wanda ya san lambobin zaruruwa ne.

Saura biyu. Landlock, wata hanyar taƙaita manhaja a Linux da nake son ƙarawa a matsayin katanga ta biyu, shi ma a kanel ɗin da nake gwaji da su zaren da ya kira landlock_restrict_self kaɗai yake ɗaurewa, don haka zai shiga ƙarƙashin dokar ƙirga zaruruwa. Sai io_uring, hanyar miƙa wa kanel ayyuka ta wani zoben memori maimakon kira ɗaya-ɗaya: ayyukan da aka zuba ta zobensa ba sa bi ta matacin seccomp ɗaya bayan ɗaya, kuma tun 5.12 ma'aikatansa suna fitowa a matsayin zaruruwa a cikin /proc na furoses ɗin, da sunaye masu farawa da iou-wrk. A yanzu na hana io_uring_setup gaba ɗaya. Gobe zan rubuta gwajin manhajar da ta riga ta buɗe zoben kafin ta kira laburarenmu, in ga abin da ƙirgar zaruruwa za ta ce.